Ina neman kalmar Hausa ta "haptik" kafin ranar Alhamis

Malamar Kimiyya, Samaru: Assalamu alaikum. Ranar Alhamis zan gabatar da shirin rediyo kan binciken yadda jikin mutum ke jin taɓawa, amma kalma ɗaya ta tsaya mini: haptik. Asalinta Girkanci ne, daga aikatau mai nufin taɓawa, kuma abu biyu take ɗauke da su. Akwai ilimin yadda fata ke gane abu, inda ake maganar ƙananan sassan fata masu karɓar saƙon taɓawa, irin su na Merkel da Meissner da Ruffini da Pacini. Na Pacini sun fi jin girgizar da ta kai wajen bugu 250 a daƙiƙa. Sannan akwai na'urorin da ke kwaikwayon wannan ji, kamar ɗan motsin da waya ke yi in an danna harafi. In na ce "fasahar taɓawa" za a zaci gilashin wayar da ake shafawa nake nufi.

Ɗan Tudun Wada: Malama, "fasahar girgiza" mana. Kowa ya san waya na girgiza.

Malamar Kimiyya: Ta yi kaɗan, ɗan'uwa. A 1993 an ƙera wata na'ura a jami'ar MIT ta Amurka, PHANToM, wadda ke turo yatsanka baya har ka ji kamar ka taɓa abu mai tauri alhali ba komai a wurin. Wasu kuma daga jami'ar Bristol ta Ingila suna harba sautin da kunne ba ya ji zuwa tafin hannu, mutum ya ji taɓawa a iska.

Ma'aikacin Lafiya, Shika: Ni "lalube" nake gani. Masani James Gibson ya bambanta a taɓa ka da kai ka taɓa tun 1962, kuma na biyun shi ne lalube: hannu ya fita neman labari, ya latsa, ya shafa, ya jinjina nauyi. Shi muke yi in muna duba cikin majinyaci. Malama, kada ki manta da kyautar Nobel ta 2021 da David Julius da Ardem Patapoutian suka samu. Na biyun ne da abokan aikinsa suka gano Piezo1 da Piezo2, ƙofofin da matsi ke buɗewa a jikin ƙwayar halitta. Wanda aka haifa Piezo2 ɗinsa ba ya aiki, tafiya na yi masa wuya in an rufe masa ido, don ba ya jin inda gaɓoɓinsa suke.

Baba Mai Ritaya, Ƙofar Doka: Ku daina wahala, kalmar ita ce taɓa-ka-ji. Haka Bahaushe ke raɗa wa baƙon abu suna: faɗi-ka-mutu, dafa-duka, a-kori-kura. Shekara da shekaru ina koyar da Hausa, ban taɓa ganin suna mai wannan siga ya ƙi zama a bakin mutane ba. 'Yata, ki faɗe ta sau uku a shirin, kafin Juma'a 'yan gyaran waya na Sabon Gari sun ɗauka.

Almajirin Nahawu: Allah ya gafarta Malam, ga ilimi ai sai "lamsi", daga Larabci. Ilimin lamsi ya fi kama da sunan darasi.

Baba Mai Ritaya: Muna da taɓa, muna da shafa, muna da lalube da latsa da dafa, sai mu tafi aro? Mai abu ba ya bara.

Almajirin Nahawu: Baba, kimiyya da ilimi da na'ura da daƙiƙa duk daga ina suka zo?

Bakano a Kongo: Ku ce haftik a wuce wurin. An yi ta fama da na'ura mai ƙwaƙwalwa, yau kowa kwamfuta yake cewa. Kuma da dai a bar ƙirƙirar kalma ga masu daidaitacciyar Hausa, ba garin da ake cewa "mace ne" ba.

Baba Mai Ritaya: Yaro, ka yi hankali da bakinka. A wane gari aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939? Ina Abubakar Imam ya zauna yana gyara rubutun da kakanninka suka koyi karatu da shi? Hausar takarda a Zariya ta yi wayo. Karin harshenmu kuma ba abin kunya ba ne.

Bakano a Kongo: Ban raina Zazzau ba, Baba. Amma ita wannan Hausar takardar a kan karin Kano aka gina ta.

Malamar Kimiyya: Don Allah ku bar Kano da Zazzau, lokaci na ƙure mini. Baba, kalmarka ta yi daɗi a baki, sai dai ga inda ta gaza. Sau da yawa ba kai ka taɓa ba, na'urar ce ta taɓa ka. Agogon Apple na 2015 ƙwanƙwasa maka wuyan hannu yake yi in saƙo ya shigo. Sandar tuƙin wasu jirage kaɗawa take yi da kanta don ta gargaɗi matuƙi cewa fukafukai sun kusa daina ɗaukar jirgin. Lalube ma nan ta tsaya. Me kuka gani game da "jin taɓi"?

Ma'aikacin Lafiya: A'a, Malama. Kunnen mai sauraro zai tafi ga taɓin hankali. Ki ce jin taɓawa.

Malamar Kimiyya: To, ilimin jin taɓawa ga binciken, fasahar jin taɓawa ga na'urorin, lalube kuma in hannu ne ke bincike. Taɓa-ka-ji zan ambace ta sau ɗaya in na zo kan maɓallin iPhone 7, wanda ba ya nutsewa amma yatsa ke jin ya nutse. Saura sunan turowar da na'ura ke yi wa hannu, wannan har yanzu ba mu samu ba.

Baba Mai Ritaya: Fasahar jin taɓawa bayani ne, ba suna ba ne. Na bar miki saboda ranar Alhamis, amma ban janye tawa ba. Sau ɗaya kuma ya yi kaɗan, ki ƙara ko da ɗaya.