Me za mu kira kayan kiɗan da aka ƙera da shara?

1/ Jama'a, musamman mutanenmu na Agege, Mile 12 da Idi-Araba a Legas, suna nake nema. Akwai masu mayar da jarka ganga, su ɗaura wayar birki a gwangwani ta zama tsirkiya, sannan su fito fili su yi kiɗa kowa ya ji kyauta. Bature ya ce recycled instruments. Mu fa?

2/ Gidajen rediyo sun saba da "sake sarrafawa". Ta dace da robar da ake niƙawa da ƙarfen da ake narkarwa. A nan kuwa ba a narka komai, jarka tana nan a jarkarta, murya kawai aka ba ta. Kuma ba wanda zai tsaya faɗin "kayan kiɗan da aka sake sarrafawa" a bakin kasuwa.

3/ Wani ɗan'uwa ya kawo "kiɗan gwangwani". Ya burge ni, don yana da asali a gidanmu. Kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos ai gwangwanin kifi ne aka rufe da fata, tsirkiya ɗaya tal, kuma da shi ya zaga duniya. Tun kafin yaran Cateura, unguwar juji a ƙasar Faraguwe, su shahara da gogen gwangwani, mu muna da namu. Sai dai sunan ya bar roba da kwalba da bututu da taya a waje. Ko gangar ƙarfen ƙasar Tirinidad, da durom ɗin mai ake ƙera ta.

4/ "Kiɗan bola" kam ban yarda ba. Kunne zai ji kamar an ce kiɗan banza.

5/ Zaɓina "kiɗan jari-bola", kayan kuma "kayan kiɗan jari-bola". Kalmar tana bakin kowa, kuma ta riga ta faɗi abin da ake nufi: abin da wani ya yar, jari ne ga wani. Duk wanda ya san jujin Olusosun da ke Ojota ya san yawan 'yan Arewa da ke cin abinci da wannan sana'a.

6/ Na san za a ce sunan ya ɓaci a Legas saboda zargin sata da ake yi wa wasu. Shi ya sa ma nake so a ji shi a dandali, haɗe da sunan makaɗi, ba kullum a labarin kame ba. Malamanmu na Hausa, in da gyara ku yi mana, musamman ko za a raba kalmar ko a haɗe ta wajen rubutu.