Neman shawara: karanshaf ɗin injin jirgina ya ci tsatsa, kuma na rasa boris ɗinsa

Mai jirgi daga Yawuri:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina da injin Yamaha Enduro mai doki 40, tsohuwar ƙirar nan ta E40G, wanda na gada daga mahaifina, kuma da shi nake dakon kaya da fasinja daga Yawuri zuwa ƙauyukan bakin tafkin Kainji. A markar da ta wuce maƙallinsa ya kwance daga bayan jirgi, ya faɗa ruwa yana cikin aiki. Mun tsamo shi, mun cire filogi mun zubar da ruwan, har ya tashi na ɗan lokaci, sai aka yi mana rasuwa na jingine shi a zaure mako uku ban waiwaye shi ba. Da na mayar da shi bakin aiki sai ya fara wata ƙara daga can ciki, kamar ana daka a ƙaramin turmi.

Bakanike ya buɗe shi jiya a gabana. Fil ɗin karanshaf na silindar ƙasa, inda kwanrod (sandar da ke haɗa fistin da karanshaf) yake hawa, ya yi ramuka kamar fuskar mai zanzana, launinsa ya koma shuɗi-shuɗi, wasu daga cikin alluran boris ɗin sun karye, shi kuma boris na tsakiya idan aka juya shi da hannu sai a ji kamar da yashi a ciki. Wani mai gyaran karanshaf ɗin mota ya ce zai cike ramukan da walda ya goge ya dawo da shi daidai, bakanikena kuma ya ce a jefar a sayi wani. Na zaga shagunan Yelwa da Kwantagora ban sami boris ɗin ba. Wace hanya zan bi?

Tsohon bakanike daga Sabuwar Busa:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan wanda ya rasu, ya ba ku haƙuri. Ɗana, kada ka yarda a kai walda kusa da fil ɗin nan. Mai gyaran karanshaf ɗin mota ba yaudararka yake son yi ba, sana'arsa ce ta saba masa da wani abu dabam: a mota kwanrod yana hawa ne a kan mital, wato boris mai santsi marar allurai, kuma ana sayar da mital mai ƙarin kauri, don haka idan an rage ƙarfen da wuta ko dutse akwai abin da zai cike gurbin. A injinka kuwa allurai ne suke birgima kai tsaye a jikin fil ɗin, wanda aka ƙona bayansa ya yi tauri, kuma taurin nan bai wuce ɓawo ba. Da zarar an goge ɓawon ko an narka shi da walda, abin da ya rage ƙarfe ne mai laushi, alluran za su cinye shi cikin kwanaki, kuma babu wanda yake ƙera allurai masu ƙarin kauri don irin wannan gyara.

Amma shi ma bakanikenka ya yi gaggawa. Karanshaf ɗin Enduro ba gunduma ɗaya ba ne, gutsattsari ne aka matse su da injin matsi, saboda haka ana iya warware shi a fitar da ruɓaɓɓen fil a sa sabo. Ana sayar da kwanrod da fil da boris ɗin allura da wasoshin gefe a haɗe, kuma a haɗen ya kamata ka saya, domin cikin idon kwanrod ɗin ma allurai sun bi ta kai. Tun da injin ya haɗiyi ruwa yana gudu, ka sa a auna kwanrod na sama shi ma, domin ruwa ba ya matsuwa, sau da yawa yakan lanƙwasa shi kaɗan yadda ido ba zai gani ba. Ni da nawa ne, duka biyun zan canja tunda an riga an warware.

Mai jirgin dako daga Baga:

Maganar Baba gaskiya ce, ni na sha ta a jikina. An taɓa yi wa nawa walda, ya fito sumul yana ƙyalli, na biya ina murna, kwana tara kacal ya yi ya sare a tsakiyar ruwa da buhunan kifi a ciki, sai da aka jawo mu. Kwanrod ɗin ya fasa jikin injin, asarar ta ninka.

Injiniya daga Kaduna:

Malam, game da boris, iri biyu ne a jikin karanshaf ɗinka, kuma neman kowanne dabam yake. Masu ƙwallo galibi na gama-gari ne, kamfanonin Japan irin su Koyo da NTN da NSK suke yin su, kuma lambar tana rubuce a gefen zoben waje. Ka wanke tsohon da kananzir ka karanta. Idan misali ka ga 6206, ma'anarsa ramin ciki milimita 30, faɗin waje 62, kauri 16, kuma duk mai sayar da boris na injunan niƙa ko janareta ya san wannan lamba, ko da bai taɓa ganin jirgin ruwa ba. Wataƙila shi ya sa ka rasa, kana tambaya da sunan injin maimakon lamba. Ka kula da haruffan da suke biye: C3 na nufin an bar wa ƙwallayen ɗan sarari don zafi, kada ka karɓi marar shi idan tsohon yana da shi. Kada kuma ka sayi mai rufin roba, wato 2RS, domin man da ke gauraye da fetur shi ne yake shafe boris ɗin, rufi zai tare shi. Idan tsohon yana da tsagi ko ɗan fil da ke hana shi juyawa a mazauninsa, to wannan ba na gama-gari ba ne.

Irin wannan, da na allura, sai wajen masu kayan injin jirgi a Legas ko Anacha. Ka duba farantin da ke jikin maƙallin injin ka kwafi lambar ƙira. E40G tana zuwa da 6F6, E40J da 6J4, sabuwar E40X kuma da 66T, kuma duk da cewa dukkansu doki 40 ne, ba duk kayan 66T ne za su hau naka ba. Ka aika wa mai shago hoton farantin da hoton tsohon kayan kusa da ma'auni kafin ka tura kuɗi. Jabu ya yi yawa; rubutun da ya karkace a jikin zobe, ko farashin da ya faɗi ƙasa da rabin na kowa, ya isa ka ajiye.

Mai jirgi daga Yawuri:

Allah ya saka da alheri. Na duba yanzu, 6F6 ne. Baba, shin duk mai injin matsi zai iya haɗa shi?

Tsohon bakanike daga Sabuwar Busa:

A'a, kuma nan ne aikin yake. Matsewa kowa zai iya, daidaitawa ita ce gwaninta. Dole fil biyun su tsaya kishiyar juna daidai, idan fistin ɗaya yana sama ɗayan yana ƙasa, sannan a ɗora karanshaf ɗin a kan ƙarafa biyu masu baki kamar V, a sa agogon awo, a riƙa juyawa ana bugun kumatunsa da gudumar tagulla har allurar agogon ta kusan daina motsi. A irin waɗannan injuna karkatar da ake yafewa ba ta wuce 0.03 zuwa 0.05 na milimita, abin da bai kai kaurin gashin kai ba. Idan ka shiga wajen mutum ba ka ga agogon nan ba, ka ɗauki kayanka ka yi masa sallama. Masu haɗa karanshaf ɗin babur sun fi masu na mota sanin wannan aiki.

Kafin a matse, a tabbata an zura sabon boris na tsakiya da abin da ke raba iskar silinda biyu, domin bayan an haɗa babu hanyar sa su. A canja oyil sil na sama da na ƙasa, a duba haƙoran gindin karanshaf inda sandar da ke kai juyi zuwa farfela take shiga; idan tsatsa ta cinye su, to a nan ne zan yarda da bakanikenka a nemi wani. Bayan an ɗaura, awa 10 na farko ka zuba lita ɗaya ta man TC-W3, wato man injin jirgi da ake gaurayawa da fetur, a tankin fetur na lita 25, kada ka buɗe wuta duka, daga nan ka koma rabin lita. Kuma ka ɗaure injin da igiya a jikin jirgi kafin ka sake shiga ruwa.