Muhawara: Shin baƙo zai iya zaga Muritaniya ba jagora?

Ɗan Agadas: Maganata ɗaya ce. Mai son ganin tsohon garin Shinkit da jirgin ƙasa mai ɗaukar tama na Muritaniya ba ya bukatar jagora, ɓarnar kuɗi ce. Daga Nuwakshot zuwa Atar kwalta ce, kusan kilomita 440, motocin haya na tashi kullum da safe. Daga Atar a sami ta Shinkit. Jirgin kuma, kafin a hana hakan a 2024, a kan tamar ake zama, ba tikiti.

Maman Sadik: Zuwa Atar na yarda da kai, ɗan'uwa, amma da sharaɗi. Jandarmomi sun kafa shinge a hanya, kowanne sai ya ɗauki bayanin baƙo. A buga takarda mai suna, lambar fasfo, ranar shigowa da garin da aka nufa, a yi kwafi 20 ko fiye. Da an miƙa ɗaya an wuce. In babu, sai jami'i ya kwafa da hannu, fasinjoji na jiranka cikin rana. Sannan Muritaniya ta fita daga ECOWAS tun shekarar 2000, kada kowa ya dogara da katin ECOWAS, a gama maganar biza tun daga gida.

Baban Amira: Batun jirgin ne ban yarda ba, Malam. Jirgin kaya ne na kamfanin haƙar tama na SNIM, daga Zuwerat zuwa Nuwazibu, kilomita 704, tsawonsa kan haura kilomita 2. A Shum, wani ƙaramin gari a kan layin, yawancin baƙi ke hawa, ba shi da tsayayyen lokaci, tsayuwarsa kuma 'yan mintuna ce, sau da yawa cikin duhu. Wanda bai san inda taragun ke tsayawa ba zai bi shi da gudu da jaka a baya, a nan ake karyewa. Idan ya taka birki, jijjigar tana bin tarago bayan tarago da ƙara kamar aradu, duk wanda ke tsaye a baki zai iya faɗowa. Ga shi layin na bin iyakar Yammacin Sahara, inda har yau akwai nakiyoyi a binne.

Ɗan Agadas: Duk wannan shiri ke maganinsa, Alhaji. Rawani, tabarau mai rufe ido ruf, bargo mai kauri, ruwa lita 5, dabino da burodi. A sa jaka cikin buhu a ɗaure baki. A haƙa ɗan gurbi a tamar, nesa da gefe, a shimfiɗa tabarma. Kuma a hau mai zuwa Nuwazibu, shi ne da kaya. Mai komawa fanko ne, tarago mai zurfi, jijjigarsa ta fi muni.

Maman Sadik: Shiri ba ya hana ƙurar tama shiga huhu na awa 12 ko fiye. Mai asma kada ma ya fara. Sanyin dare a Disamba da Janairu, ga iskar gudu, ya fi na hunturun da muka sani, kuma babu banɗaki, babu asibiti a kusa. Akan haɗa taragon fasinja a jirgin, a biya a shiga shi.

Baban Amira: A Shinkit ma mutumin gari na da amfani. Ɗakunan littattafan nan na rubutun hannu mallakar iyalai ne, mabuɗin na hannun mai gida, sai an aika an kira shi. Masallacin dutse mai ƙwan jimina a kan hasumiya kowa zai gani da kansa. Amma tsohon garin Wadan da Idon Sahara, wannan da'ira mai faɗin kusan kilomita 40, rairayi ne da duwatsu, sai mota mai jan ƙafa huɗu da direban da ya san inda ake rage iskar taya.

Ɗan Agadas: Direba daban, jagora daban. Na Wadan na sallama.

Maman Sadik: To ka ƙara da kuɗi. A 2018 an cire sifili ɗaya daga ugiya, kuɗin ƙasar, amma 'yan kasuwa da yawa na faɗin farashi da tsohon lissafi. In an ce 1000, ka tambaya tsohuwa ko sabuwa kafin ka zaro, don takardar 100 ake nufi sau da yawa.