Yaron da ake cewa yana ganin ɓoye: ta yaya za a tantance?

Ummu Hanifa:
Assalamu alaikum. Idan yaro ɗan shekara takwas ko goma ya yi suna cewa yana faɗin ciwon da ke jikin mutum da kallo kawai, masu duba su ce baiwa ce, 'yan boko su ce dabara ce. Akwai gwajin da zai raba gardamar ba tare da an ci zarafin yaron ba?

Ɗan Lissafi:
Wa alaikumus salam Hajiya. Akwai, kuma an taɓa yi. A shekarar 2004 an gwada Natasha Demkina, 'yar ƙasar Rasha mai shekara 17, a birnin New York. Ita ce aka ce tana ganin cikin jikin mutum. Masu bincike uku, Ray Hyman da Richard Wiseman da Andrew Skolnick, suka shirya gwajin. An zaunar da mutum bakwai a gabanta, shida kowa da abin da likita ya tabbatar a jikinsa, kamar wanda aka yanke wa wani ɓangare na huhu da mai ƙarfe a ƙoƙon kai, na bakwai kuma lafiyarsa ƙalau. An ba ta kati bakwai, kowanne da bayanin mutum ɗaya, aikinta ta haɗa kowane kati da mai shi. Tun kafin a fara aka yi yarjejeniya sai ta ci biyar. Ta shafe sama da awa huɗu, ta ci huɗu, kuma mai ƙarfen kai na cikin waɗanda ta kuskure.

Rigimar ta taso ne daga lissafi. Kati bakwai ana iya raba su ga mutum bakwai ta hanya 5,040. A ciki 92 ne ke ba da huɗu ko fiye, wato kusan sau 1 cikin 55, 22 kuma ke ba da biyar ko fiye, kusan 1 cikin 229. Brian Josephson, wanda ya ci kyautar Nobel a fiziks, ya ce ai huɗu ma ba abin rainawa ba ne. Masu gwajin suka ce ta ga wasu cikin mutanen suna tafiya kafin a fara, kuma takun mai ƙugun roba ba ya ɓoyuwa. A ganina duka ɓangarorin suna da hujja, laifin na tsarin ne: mutum bakwai sun yi kaɗan, kuma an bar ƙofar da alamu za su shigo.

Malama Bilki:
Ga yadda za a yi a gida, Yaya. A samo kati biyar masu zane daban-daban da ambulan biyar masu kauri, a ɗaga su a rana a tabbatar haske ba ya ratsawa. Mutum ɗaya ya zuba katunan a wani ɗaki, ya cakuɗa, ya miƙo guda ɗaya ta hannun wanda bai ga zubin ba. Yaro ya faɗi zanen da ke ciki, a rubuta, a mayar da ambulan, mai zubi ya rubuta amsar gaskiya a tasa takardar, ya sake cakuɗawa. Sau 25. Ba a gaya wa yaro ya ci ko bai ci ba sai an gama.

Mai canka kawai zai ci wajen biyar. Goma ko fiye na zuwa da sa'a kusan sau 1 cikin 60, don haka ko ya ci goma sai an maimaita a wata rana. Abin da ya fi ɓata gwaji shi ne zaman wanda ya san amsa a ɗakin, domin yara gwanaye ne wajen karanta fuska da numfashin manya. A 1975 a Jami'ar Bath ta Ingila an leƙi yaran da aka ce suna lanƙwasa cokali da tunani ta madubin da ake gani ta gefe ɗaya, aka gan su suna lanƙwasawa da hannu da zarar mai sa ido ya kau da kai. Yaron da aka ɗora wa suna tsoron kunyata iyayensa yake yi, saboda haka a gabatar masa da abin a matsayin wasa, ba taron jama'a.

Abu Sumayya:
Hajiya, kada a kai shi wurin mai duba ko mai bugun ƙasa don "tabbatarwa". Hadisin da Muslim ya ruwaito ya ce wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in. Ban da wannan, mai duba maganar da ta dace da kowa yake yi. A 1948 masanin halayyar ɗan Adam Bertram Forer ya raba wa ɗalibansa bayanin hali iri ɗaya tak, kowa na zaton nasa ne, suka ba shi kusan 4.3 cikin 5 wajen dacewa.

Sau da yawa abin da ke akwai kaifin lura ne da ƙarfin hadda, kuma wannan masanin halayyar yara na iya auna shi. Gwajin auna basira da ake kira WISC na 'yan shekara 6 zuwa 16 ne, matsakaicin maki 100, kuma kusan yara biyu cikin ɗari ne ke kai 130. Idan kuwa yaron yana jin muryoyi, ko yana ƙamewa ya daina amsawa na 'yan daƙiƙu, asibiti za a fara kai shi, domin wani nau'in farfaɗiya haka yake bayyana.