Wane baƙin mai ya dace da Golf GTI ɗina?

Mai Golf Ja: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na sayi Golf GTI ƙirar 2012, mai turbo. Ranar Asabar na kai ta juye, bakanike ya ce a zuba 20W-50, wai zafin Kano sai mai kauri. Hankalina bai kwanta ba, na ɗauko motata na dawo gida. Don Allah masu sani ku taimaka.

Tsohon Direba: Wa'alaikumus salam. Malam, gara da ka dawo. 20W-50 na tsofaffin injuna ne. Turbo na juyawa da gudun gaske, yana buƙatar man da zai isa gare shi nan take idan ka tayar da mota da safe, mai kauri kuwa sai ya ɓata lokaci. Nemi 5W-40, ka juya bayan galan ka tabbatar an rubuta VW 502 00, wato ma'aunin mai na kamfanin Volkswagen da ya ƙera motar. Kusan lita 4.6 take sha har da filta. Ni saboda ƙurar hunturu, kilomita 7,000 nake juyewa.

Ɗan Kaduna: In giyarta DSG ce, wato mai canza kanta, ita ma da manta na musamman, ana canza shi da filtarsa duk kilomita 60,000. Man birki DOT 4, duk shekara biyu, domin yana tsotsar danshi.

Mai Golf Ja: Na gode, Baba. Lagireto fa? Ruwan rijiya bakaniken ya so zubawa.

Tsohon Direba: A'a, ɗana. Zai bar maka tsatsa da datti a ciki. Sayi ruwan sanyaya inji G13 ko G12++, ka haɗa rabi da rabi da tataccen ruwa.