Neman kalma: lokacin da tsohon kuɗi da sabo ke yawo tare

Mai fassarar labarai, Katsina: Assalamu alaikum malamai. Me za mu kira dual circulation da Hausa, wato lokacin da ƙasa ta fito da sabon kuɗi amma tsohon bai daina aiki ba? Na ga wasu na rubuta "canjin kuɗi".

Ɗan canji, Jibiya: Wa alaikumus salam. Malam, canji namu ne. In ka ce canjin kuɗi a nan, sai a ɗauka naira za ka mayar sefa. Dattawa kuma su tuna 1984, da aka sauya launin takardun naira aka rufe iyakoki, aka ba mutane 'yan kwanaki. Wancan ai ba sannu a hankali ba ne.

Malamar tattalin arziki: Gaskiyar Alhaji. Abu uku ake haɗawa. Akwai sauya kama, kamar 2022 da aka sake fasalin 200 da 500 da 1,000, darajarsu na nan. Akwai yanke sifili, kamar Gana a Yulin 2007, sidi 10,000 ya koma sidi 1. Akwai kuma sabon kuɗi ɗungurungum, kamar Janairun 1973 da naira ta gaji fam: fam ɗaya naira biyu, sule ɗaya kwabo goma. Shi ya sa har gobe jaka naira 200 ce, fam ɗari ke nan. Duka ukun suna bukatar lokacin da Malam ke nema wa suna.

Mai fassarar labarai: To "yaye" fa, Hajiya?

Malamar tattalin arziki: Yaye rana ɗaya ake yi, a kai yaro gidan kaka. Ya fi kama da ranar da wa'adi ya cika.

Tsohon ma'aikacin banki, Daura: A duba yadda aikin yake, sunan zai fito. Da farko a tsayar da farashin musaya, ba ya motsi. A sa 'yan kasuwa su rubuta farashi da kuɗin biyu tun kafin ranar farawa, don nan ake cuta: abin da ya kama 4.60 sai a cike shi zuwa 5. Sannan a kai sababbin takardu da sulalla bankuna da manyan shaguna kafin a buɗe. In an fara, mai saye ya biya da tsoho, a ba shi canji da sabo, tsohon da ya shiga banki ba ya sake fitowa. Wa'adi kuma biyu ne, na kasuwa gajere, na banki dogo. Kuroshiya mako biyu ta ba kasuwa a 2023, Gana wata shida, Jamus kuwa babban bankinta har yanzu yana karɓar tsohon kuɗinta, mak.

Namu ya ɓaci ne don an kwashe tsoho kafin sabo ya wadata. Sabo ya fito 15 ga Disamba 2022, aka sa wa'adi 31 ga Janairu, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Mai awon gero a kasuwar Mai'aduwa ba asusu gare shi ba, sai ya ƙi tsoho tun wa'adi bai zo ba, sabo kuma sai an saya wajen masu POS. Sai da Kotun Ƙoli ta dawo da tsohon a Maris 2023. Ni "wa'adin tafiya tare" na gani.

Ɗan canji: Yallaɓai, a kasuwa cewa muke "wannan na ci, wancan ya daina ci". Me zai hana "ci biyu"?

Tsohon ma'aikacin banki: Ci biyu sai a ji kamar riba aka ci sau biyu, Alhaji. Amma "daina ci" ya zauna wa ranar ƙarshe. A dai guji "kashe kuɗi" wajen soke su, mai sauraro sayayya zai fahimta.

Mai fassarar labarai: Na ɗauki "wa'adin tafiya tare", da "ranar daina ci". Babban aikin kuma "sauyin kuɗi", a bar wa su Alhaji canjinsu. Saura sunan tsayayyen farashin musayar nan.