Neman Hausar efijenetik da na'urar da ke auna shi

Daga Aliero:
Assalamu alaikum malamai. Ina shirya wa ɗalibai darasi kan yadda ake auna alamomin efijenetik a naman dabba, kuma sunan ya tsaya mini a wuya. DNA rubutun gado ne da ke cikin ƙwayoyin jiki, mai baƙaƙe huɗu, A, C, G da T. Jiki kan liƙa wa C wani ɗan ƙulli mai suna metil, baƙin bai sauya ba, amma karatun wurin ya sauya, sau da yawa ma a rufe shi. Wannan na cikin dalilan da suka sa hantar saniya da ƙwaƙwalwarta suke da rubutu ɗaya amma aikinsu daban. A 1948 masanin kimiyya Rollin Hotchkiss ya gano irin wannan C a jikin ɗan maraƙi. Ni "tambarin gado" na yi tunani.

Daga Birnin Kebbi:
Wa alaikumus salam, Malam. Tambari idan ya zauna a fata ya zauna ke nan, alhali tun 2009 aka nuna cewa wasu sinadaran jiki da ake kira TET na sauya wannan ƙulli, su buɗe hanyar cire shi. Ku tuna allonmu na makarantar allo: baƙin "ba" guda ne, a sa masa wasalin bisa a ce ba, wasalin ƙasa a ce bi, rufu'a a ce bu. Baƙi na nan yadda yake, wasali ne ke faɗa wa mai karatu yadda zai furta. Don haka ina roƙon mu ce "wasalin gado", jam'insa wasulan gado, domin duk wanda ya taɓa riƙe alƙalami da tawada zai gane nan take.

Daga Argungu:
Allah ya ƙara basira, wasali ya zauna daram. Saura sunan mas-sifektiromita, na'urar da ke auna waɗannan wasula. Ana ciro DNA daga tsokar, a narkar da shi baƙi-baƙi, a ba kowane caji, sannan na'urar ta rarrabe su bisa nauyi: C tsura yakan fito a 228, mai metil a 242, mai haidiroksimetil, wato ƙullin da TET suka sauya, wanda aka fi samu a ƙwaƙwalwa, a 258. Da farko shiƙar shinkafa ta zo mini a rai, yadda tsaba ke faɗuwa kusa, iska ta tafi da ƙaiƙayi. Sai dai mai shiƙa rabawa kawai take yi, ita kuwa na'urar har ƙidaya take yi. Ina ganin "ma'aunin zarra" ya fi dacewa.

Daga Aliero:
Na karɓa duka biyu, na gode malamai. Kan darasin zai zama: Auna Wasulan Gado a Naman Dabba da Ma'aunin Zarra. Zan kuma ja hankalin ɗalibai cewa wannan ma'auni yawan wasulan yake faɗa, ba ya nuna a wane layi na rubutun kowane ya faɗo.